Tirelar da Ke Cikin Ciyawa a Bayan Ofishinku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Binciken Haɗarin Tirelar Manoma,
Zuru.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka da kyau, kai da iyalinka da abokan aikinka. Yaya gajiya, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya ba da ikon ɗaukar nauyin da aka ɗora maka.

Sunana Saratu, tsohuwar malamar firamare, matar Ishaya mai walda. Na ƙare aikina ina koya wa yara yadda ake rubuta wasiƙa zuwa ga manya, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan rubuta wadda gari duka zai karanta ba. Ban so haka ba. Na zo ofishinku har bencin ƙofarku ya san nauyina. Wata rana a ce ka fita, wata rana a ce kana taro, wata rana a ce ka tafi Birnin Kebbi. Masinjanka mutumin kirki ne, yanzu in ya hango ni sai ya share mini wurin zama ya ce, "Mama, yau ma?" Ban ga laifinsa ba, ban kuma ce kana guje mini ba. Amma lokaci ya ƙure mini, shi ya sa na zaɓi in yi magana a fili.

Abin da nake nema ƙarami ne, bari in faɗe shi tun farko don kada ya ɓace cikin surutun tsohuwa. A bayan ofishinku akwai wata tirela kwance cikin ciyawa. Ina roƙo kada a sa wa ciyawar nan wuta, a kuma ba mu ƙarfen jan tirelar ɗungurungum, ba a yanka ba, ba a gasa ba, domin a auna shi. Ga dalilaina.

Na ɗaya. A kakar bara ƙungiyar manoman unguwarmu, masu gonaki wajen Danko, suka ba maigidana aikin haɗa musu tirela biyu na kwasar dawa. Ya haɗa su a mako ɗaya, da ƙarfe ɗaya, da sandunan walda na kwali ɗaya, har mutane suna ce musu tagwaye. Ba a daɗe da fara aiki da su ba, ɗaya ta taso daga gona shaƙe da dawa, mutane kuma suna zaune a saman kaya. A kan gangara ƙarfen da ke haɗa ta da tarakta ya ɓalle daidai wurin walda. Tirela ta kuɓuce ta kife cikin kwari. Mutum uku suka rasu. Kwamitinku ya karɓi wadda ta kife, ya kuma karɓi 'yar'uwarta wadda ba abin da ya same ta, aka ce sai an gama bincike.

Tun ranar gari ya rabu biyu. Wasu sun ce lodi ne ya yi yawa, ko wane ƙarfe ne sai ya ba da kai a gangarar nan. Wasu sun ce hannun Ishaya ne. Masu wannan magana suna kafa hujja da ruwa. Ranka ya daɗe, ka san yadda masu waldar garin nan ke aiki: kowa da bokitinsa a gefe, da ya ɗaga sanda sai ya watsa wa wurin ruwa, ya yi cuu, mai kaya ya taɓa ya ji sanyi ya ɗauki abinsa ya tafi. Ishaya ma haka yake yi, haka ya koya, haka ya yi wa ƙofofi da gadaje da garmunan shanu na rabin garin nan. Haka kuma ya yi wa tagwayen, bai taɓa musu ba. Abin da ba wanda ya sani shi ne ko ruwan ne ya kashe mutanen ko lodin. Masu cewa wannan da masu cewa wancan duk da baki suke auna ƙarfe, a rumfar mai shayi.

Na biyu. Cikin waɗanda suka rasu akwai Bawa. Wannan sunan ba zai ce maka kome ba, amma mu a gidanmu shi ne rabin tarihinmu. Lokacin da Ishaya ke yi wa mahaifina golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukinsa kafin a ba shi mata, Bawa ne ke gefensa a kowace damina. Ni na riƙa kai musu ruwa gona, Bawa na tsokanata wai saboda ni bayansa ya lanƙwashe tun yana yaro, don haka ɗan farinmu nasa ne. Shi Musulmi, mu Kirista, amma ba a taɓa yanka rago a gidansa ba cinya ba ta iso mana ba, ba mu taɓa dafa shinkafar Kirsimeti aka rasa kwanonsa ba. Shi ne ma ya sa baki aka ba Ishaya aikin tirelar.

Ishaya ya je jana'iza, ya tsaya daga nesa, ya dawo ya rufe shago. Bai sake riƙe sandar walda ba. Kafin damina ta faɗi hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yanzu yana wuni a kan kujera ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, idanunsa da wutar walda ta riga ta cinye suna kallon ƙofa. Mutumin da in yana dariya maƙwabta ke ji, yau sai in yi masa magana sau uku kafin ya juyo.

Abin da ya fi ci mini rai, ya daina karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a majami'a. Fasto ya zo har gida, dattawan majami'a sun zo, sun gaya masa Allah ya san zuciya, haɗari kuma haɗari ne. Ya saurare su da ladabi, ya gode, ya ƙi miƙa hannu. Da na matsa masa sai ya ce mini, "Saratu, in laifina ne in san mi zan roƙi gafara a kai. In ba nawa ba ne in sani. Wanga zama tsakiya shi ka kashe ni." Ban sake matsa masa ba.

Ina so ka fahimce ni da kyau a nan. Ban rubuto don a wanke mijina ba. Ba ya neman wanki. Mun zauna mun yi maganar, shi da ni da 'yarmu, ya ce in awo ya nuna hannunsa ne zai sa a ɗauke shi a kai shi ƙofar gidajen nan uku ya faɗa da bakinsa, ya kuma aika a gaya wa kowane mai walda a garin nan ya zubar da bokitinsa in yana haɗa ƙarfe mai kauri. Sani yake nema, ko da sanin zai yi ɗaci. Likita kuwa ya gaya mini a gefe cewa irin wannan ciwo yakan dawo, in ya dawo ba ya sallama.

Na uku. Muna da 'ya, Rifkatu, tana karatun ilmin ƙarafa a ƙasar waje. Tun tana shekarar farko a jami'a take yi wa ubanta tsiya kan bokitin ruwan nan, shi kuma yana ce mata da wannan bokitin aka saya mata littattafai, ta yi masa shiru. A lokacin wasa ne tsakanin uba da 'ya. Da ta zo ganinsa bayan ya kwanta ciwo, ta zaunar da ni a madafa ta yi mini bayani, ni kuma zan maimaita maka gwargwadon yadda kan tsohuwar malama ya ɗauka.

Ta ce in an yi walda, wurin da ya narke yana so ya tsuke yayin da yake hucewa, amma ƙarfen da ke kewaye da shi mai sanyi ne, ba ya bari. Sai a ƙare da ja a maƙale cikin ƙarfen, kamar fatar ganga da aka ɗaura tana ɗanya ta bushe a kai. Ido ba ya ganin wannan ja. Ƙarfe zai yi kyau, a shafa masa fenti, a buga shi da guduma ya yi ƙara mai daɗi, alhali a ciki ya riga ya ɗauki kaya tun kafin a ɗora masa buhu ko ɗaya. Yadda aka bar wurin ya huce yana da hannu a yawan jan da ke saura a ciki da kuma taurin wurin. Ta ce a ƙofar ɗaki mai yiwuwa ba kome, a ƙarfe mai kauri da zai ja lodi a gangara kuwa ba a sani ba sai an auna.

Na ce mata to yaya ake auna abin da ke tsakiyar ƙarfe ba a fasa shi ba? Ta ce ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ƙarfe a jere suke layi layi, kamar kunyoyin gona, da tazara sananniya tsakaninsu. Inda ja ya maƙale tazarar takan ɗan buɗe, inda aka matse takan ɗan tsuke, da ƙanƙantar da ba ma'aunin hannu da zai kama. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutron, masu ratsa ƙarfe su shiga can ciki. Sai a harba su cikin wurin waldar, su bugi layukan nan su karkace su fito ta gefe, na'ura ta kama inda suka fito. Daga yadda suka karkace ake gane tazarar, daga tazarar a gane yawan jan. Haka za a bi wurin waldar gaba da baya, sama da ciki, har a zana taswirarsa, ƙarfen kuma ya fito yadda ya shiga ko ƙwarzane babu.

A iya saninta babu irin wannan na'ura a ƙasarmu. Inda take karatu ma layi ake bi, masu bincike daga ƙasashe suna neman a ba su 'yan kwanaki a kanta. Malaminta ya ji labarin ubanta, ya yarda a sa ƙarfen Ishaya cikin abin da za ta auna in layi ya zo kanta, bayan Kirsimetin nan. In ya wuce sai ta sake nema, ba ta kuma san yaushe za a sake ba ta ba. Ba ta ruɗe mu ba. Ta ce awon ba zai faɗi nauyin dawar da aka loda ranar ba, ba zai kuma maido da kowa ba. Amma tunda tagwayen hannu ɗaya ya yi su a hanya ɗaya, zai nuna ko irin waldar da ubanta ya yi ta bar ja mai haɗari a ciki ko ba ta bari ba. Ishaya ya ce wannan ya ishe shi.

Na huɗu. Za ka ce me ya sa ba za a auna ƙarfen da ya ɓalle ba, shi da ya yi ɓarnar? Rifkatu ta ce ɓallewar kanta ta riga ta saki mafi yawan jan, amma da an bar shi yadda yake da an karanci wani abu a fuskar karayar. Ba a bari ba. Da kwamitinku ya buƙaci a kawo shaida gabansa, ƙarfen ya yi tsawo ba ya shiga ɗakin taro. Sai aka kira mai yankan ƙarfe da wutar gas ya datsa shi gunduwa gunduwa, daidai wurin waldar, aka zuba a buhun taki aka ɗaure baki aka rubuta masa lamba. Na ga buhun da idona a ƙarƙashin teburin sakatare. An adana shi da kyau ƙwarai, ko ƙura ba a bari ta hau ba.

Da na aika wa Rifkatu hotonsa a waya, sai ta kira ni tana kuka. Ta ce yanka yana sakin jan, wuta kuma tana goge shi, an haɗa wa ƙarfen nan duka biyun. Na san wanda ya ba da umurnin ba mugunta ya nufa ba, so ya yi aiki ya yi tsabta. Da ni ce a kujerar kafin 'yata ta zaunar da ni a madafa, mai yiwuwa abin da zan ce a yi ke nan. Ban kawo maganar don in kunyata kowa ba. Na kawo ta ne don ka san shaida biyu muke da su, ɗaya ta tafi a hannun ofishinku, saura ɗaya.

Na biyar. Bara tirela ta biyu tana gaban ofis a kan tsandauri, shi ya sa ta tsira daga wutar ciyawa. Farkon daminar bana aka tura ta baya don a sami wurin kafa rumfar baƙi. Yanzu ciyawa ta haɗiye ta, sai ka matsa kusa da katanga kafin ka hango bakin bodinta. A gefenta kuma an jibge tsofaffin tayoyin motocin ofis, ga nata tayoyin. Kowa a garin nan ya san al'adar masu gadinku: da ciyawa ta bushe sai su zaɓi wata yamma su sa mata ashana, saboda macizai, su kuma tsaya da sanduna a bakin wuta suna jiran gafiya. Ba laifi ba ne, haka ake yi ko'ina. Amma wutar taya ba irin ta ciyawa ba ce da ke wucewa da gudu, zama take yi ta ci har ƙarfe ya yi ja. Rifkatu ta ce ko wutar ba ta goge kome da kome ba, da zarar an ce ƙarfen ya shiga gobara ba mai yarda da abin da awo zai nuna, ita ma ba za ta yarda ba.

Ruwa ya ɗauke, ranka ya daɗe. Dawa ta fara sunkuyar da kai, ciyawar bayan ofishinku ta fara fari daga sama. Kullum da yamma in na fito ɗebo ruwa sai na duba wajenku ko zan ga hayaƙi. Shekaranjiya wani ya ƙona shara a wannan shiyyar, na yar da bokiti na hau babur zuwa ofishinku ko mayafi ban ɗauka ba. Na yi wa maigadi bayani, ya tausaya mini, ya ce shi ba zai sa wuta ba, amma su uku ne ke karɓa-karɓa kuma ba wanda ya ba su umurni a rubuce.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

A ba masu gadi umurni, yau ba gobe ba, kada a sa wuta a bayan ofis har sai an fitar da tirelar, a kuma kwashe tayoyin daga gefenta.

A ba mu izinin kwance ƙarfen jan. Da noti aka ɗaure shi a jikin bodi, sifana da ɗan man inji sun isa. Kada a kawo wutar gas ko injin yanka kusa da shi, ko da notin ya yi tsatsa ya ƙi juyawa. A yi haƙuri da shi, zai juya.

A ba mu takardar ofis mai nuna cewa da saninku aka fitar da shi, domin masu duba kaya a filin jirgi. Ɗaukarsa da kai shi mu da danginmu mun ɗauki nauyi. Ku sa masa alamarku, ku turo wakili ya tsaya a kan kwancewar, in an gama a dawo muku da shi tare da sakamakon, ku karanta kafin mu. In kuna tsoron kada 'ya ta rufa wa ubanta asiri, tsoro ne mai kyau, ita ma ta yi tunaninsa. Ta ce malaminta da ma'aikatan wurin ne za su riƙe awon, sakamakon ya zo muku kai tsaye daga hannunsu.

Saura magana ɗaya. Laraba, matar marigayi Bawa, tun da ta fita takaba ba ta tako gidanmu ba, ni ma kunya ta hana ni zuwa nata. In mun haɗu a kasuwa sai mu gaisa a tsaye kowa ta kama gabanta. Ranar Litinin da ta wuce da safe na ji sallama, na fito na same ta a ƙofa da lauje biyu a hannu. Ashe labarin ciyawar ya kai mata. Ba ta shiga ba, ba ta tambayi jikin Ishaya ba. Ta miƙo mini lauje ɗaya ta ce, "Tashi mu tai. Ni ma ina son in san mi ya kashe mini miji."

Muka taka har ofishinku. A ƙofa aka ce ba a shiga bayan ofis sai da izinin Shugaba, Shugaba kuma ba ya nan. Muka zauna a bencin har rana ta take, muka tashi. A mararraba na miƙa mata laujenta, ta ce in riƙe, za mu koma.

To ranka ya daɗe, in sa hannu a kan takardar fitar da ƙarfe yana buƙatar zaman kwamiti, na sani zama yana da wuyar haɗuwa, zan jira iyakar yadda jikin mijina ya ba ni dama. Amma yankan ciyawa ba ya buƙatar zama. Ka aiko da kalma ɗaya ga maigadi ya buɗe wa tsofaffin mata biyu ƙofa. Mun iya aikin, tun muna 'yan mata muke yi.

Allah ya tsare ka da iyalinka daga haɗarin hanya. Allah ya sa kada ka taɓa zama kana tambayar kanka ko hannunka ne ya yi sanadin wanda kake ƙauna, ba mai ba ka amsa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu dangana, ya ba ka ikon yin abin da ya dace tun ciyawar ba ta gama bushewa ba.

Wassalam, tare da girmamawa.

Saratu, matar Ishaya mai walda,
Zuru.